Karatun awon ido a sabuwar jami'a: takardar NUC kaɗai za ta sa a ba yarinya lasisi?

Baffan Marayu, Funtuwa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karatun ido. Ni ɗan kasuwa ne, masara da waken suya nake saye ina sayarwa, bokona bai wuce sakandare ba, don haka a yi mini bayani yadda zan gane.

'Yar ƙanina ce, Allah ya yi masa rasuwa tun tana firamare, a hannuna ta tashi. Bana ta ci 238 a JAMB, ta nemi likitanci ba ta samu ba. Ana cikin haka sai wata sabuwar jami'a mai zaman kanta ta turo mata saƙo cewa akwai gurbi a karatun awon ido, wanda ake kira oftometri. Shekara shida ne, in ta gama dakta za a riƙa ce mata. Yarinya ta ƙwallafa rai, ko abinci aka zauna ci maganar ke nan.

Na shirya na je makarantar da ƙafata. Gini kam ba a magana, tayil har cikin banɗaki, ga sola, ga masallaci mai kyau. Jami'in da ke karɓar iyaye ya kai ni ofishinsa, ya nuna mini wata takarda cikin firam a bango, da tambarin NUC, hukumar kula da jami'o'i, a samanta, ya ce gwamnati ta amince da su. Na tambaye shi ko sun taɓa yaye ɗalibai a wannan karatun, ya ce a'a, rukunin farko yanzu za su shiga aji biyu, tamu za ta zama cikin na biyu. Na ce to lasisin aiki fa, wa ke bayarwa? Sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ai sai sun gama, kafin nan komai ya daidaita." Tun da na baro wurin, maganar nan ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Kuɗin ba nawa ba ne, shi ya sa. Fili mahaifinta ya bari a bakin titi, kuma sai an sayar da kasonta kafin a iya ɗaukar nauyin shekara shida a makarantar kuɗi. Da nawa ne, in ya salwanta sai in ce asarar kasuwa ce, mun saba. Dukiyar marainiya kuwa, gobe ƙiyama za a tsayar da ni a kanta.

Akwai kuma wani ejan a Kano da aka haɗa ni da shi. Shi cewa ya yi in bar wahalar shekara shida, a Indiya shekara huɗu ake gamawa, kuma wai in an haɗa lissafi bai kai kuɗin nan gida ba.

To wannan takarda ta NUC ta isa a ba ta izinin duba marasa lafiya in ta gama, ko akwai wata hukuma dabam? In akwai, yaya zan yi in san ta amince da makarantar tun kafin in biya? Na Indiyan kuma, in ta dawo da shi za a karɓa a nan? Ban ambaci sunan makarantar ba don ban kama su da laifin komai ba.

Mai Duba Ido, Kaduna

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan ƙaninka, ya ba ka ladan riƙon marainiya. Wannan aikin nake yi, ni ma shekara shidan na yi kafin aka rantsar da ni.

Takardar NUC kaɗai ba ta isa ba. NUC ita ke kula da jami'o'i, ita ke cewa digirin da makaranta ta bayar digiri ne, amma ba ta ba kowa izinin taɓa idon mutum. Wannan yana hannun hukumar rajistar masu awon ido da masu haɗa tabarau, wato ODORBN, wadda doka mai lamba 34 ta 1989 ta kafa tun zamanin soja, tana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya. Ita ke riƙe da kundin sunayenmu. Wanda babu sunansa a kundin nan, ko digiri goma gare shi, in ya buɗe wuri ya ce shi mai awon ido ne ya karya doka.

In yaro ya gama, hukumar ce za ta zo a rantsar da su, a ba kowa rajistar wucin gadi. Da ita ake neman horon shekara guda a asibitin da aka amince da shi, a ƙarƙashin wanda ya riga ka a aiki. In an sa maka hannu ka gama lafiya sai a ba ka cikakkiyar rajista, ka tafi bautar ƙasa, daga nan kuma kowace shekara kana sabunta lasisi. Duk waɗannan a kan rantsuwar farko suke tsaye. In hukumar ta ce ba ta san karatun da aka yi a makarantar ba, babu rantsuwa, kuma babu asibitin da zai ɗauke ta horo, domin takardar rajistar ce abu na farko da ake nema a fayil ɗinta. Sai ta zauna gida da digiri a akwati, tsararrakinta na wasu makarantun suna karɓar albashin horo.

Takardar da ke bango kuwa, ka koma ka ɗauke ta hoto ka kai wa wanda zai karanta maka ita a tsanake, don takardun NUC iri-iri ne kuma duk tambarinsu ɗaya. Akwai lasisin buɗe jami'ar kanta, wanda ga sababbin jami'o'i masu zaman kansu na wucin gadi ne, na shekara uku. Wannan bai ce komai a kan karatun ido ba. Akwai izinin fara kwas, wanda ake bayarwa bayan an turo mutane sun duba ko akwai malamai da ɗakuna da kayan da za a iya farawa da su. Sai kuma tantancewa ta ainihi, wadda ba a yin ta sai karatun ya yi nisa, ɗalibai sun hau azuzuwan sama. A nan ake ba da maki. Cikakkiyar amincewa shekara biyar take yi, ta wucin gadi shekara biyu, in kuma aka faɗi sai a hana makarantar ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Makarantar da manyan ɗalibanta suke shirin shiga aji biyu ba ta kai wannan matakin ba, komai kyan nufinta. Iyakar abin da za ta iya nuna maka shi ne izinin farawa, in ma shi babu kada ka ƙara taka ƙafarka can. Ka kuma tabbatar gurbin ya fito a shafin yarinyar na JAMB da sunan kwas ɗin, don gurbin da bai bi ta can ba shi ke hana yara tafiya bautar ƙasa daga baya.

Kai da ba ka biyan kuɗin buhun masara sai ka soke shi ka ga abin da ke tsakiya, nan ma haka za ka yi. Rubuta wa ODORBN wasiƙa. Kada ka ce musu "makarantar nan tana da kyau?", babu ma'aikacin gwamnatin da zai amsa wannan. Sa sunan jami'ar ka ce: kun san da wannan kwas? Kun taɓa zuwa dubawa? Ɗalibai nawa aka yarje musu su ɗauka a shekara? Wanda ya gama a nan za ku rantsar da shi? Ka nemi amsar a rubuce, maganar waya ba ta zama hujja.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba. Tunda likitanci ta so, a faɗa mata gaskiyar aikin tun yanzu. Mu ba ma yin tiyata. Mai cire yanar ido likita ne da ya gama likitanci sannan ya ƙware a ido, irin waɗanda ake horarwa a Cibiyar Ido ta Ƙasa nan Kaduna da asibitocin koyarwa. Mu muna auna gani, mu rubuta gilashi, mu gano cuta, mu yi maganin abin da ke hurumimmu, mu tura na tiyata inda ya dace. Akwai kuma masu haɗa tabarau da ke yin difloma, su ma wannan hukumar ke musu rajista, amma kundinsu dabam.

Aikin kuma ba ƙarami ba ne. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, arewa maso gabas ce ta fi yawa da kashi 6.1. Yanar ido ce kan gaba wajen haddasa makantar, hawan jinin ido na biye da ita, kuma mafi yawan masu matsakaicin raunin gani gilashi kawai suka rasa. Kwanakin baya wani tela ya zo mini, wajen shekara hamsin, gilashin zura zare a allura yake so. Ya karanta allon haruffa har layin ƙasa, yana murna. Da na leƙa bayan idon sai na ga jijiyar ta rarake, na auna hawan jinin idon na tarar ya yi sama, na sa shi a na'urar gwada faɗin gani, ashe gefe da gefe ya tafi bai sani ba, shi dai ya ce kwanan nan 'yan acaɓa sun cika yi masa ihu. Da gilashin kawai na ba shi, da ya tafi yana sa mini albarka har ranar da sauran ganin zai ƙare. Irin wannan ba a koyonsa a kan allo. Sai ɗalibi ya leƙa idanu masu yawa, malami na tsaye a kansa yana gyara masa hannu. Shi ya sa in an zo duba makaranta ba a damu da tayil ba, asibitin idon sashen ake tambaya, da littafin da ake rubuta marasa lafiyar da suka zo.

Ɗan Kwari

Alhaji, na Indiya ni zan amsa maka, don a gidanmu aka yi. Ƙanina muka tura ta hannun ejan. A lokacinsa karatun can shekara huɗu ne kamar yadda aka faɗa maka, uku a aji, ɗaya a asibiti, kuma tsakani da Allah yaron ya iya aiki, ya ga marasa lafiya ba iyaka. Matsalar a dawowa take. Sai da aka kai takardunsa ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja aka tantance su. Da aka zo maganar rajista aka ce sai an auna abin da ya karanta da na shekara shida da ake yi a nan, ya cike abin da ya rage. Shekara biyun da muka ɗauka mun ci riba sai da muka biya su, da ƙari. Na kira ejan ɗin, ka san me ya ce mini? Wai shi aikinsa ya samo gurbi da biza, kuma ya samo. Daga baya na gane makarantar ma tana ba shi kamisho a kan kowane yaro da ya kai.

Lissafin araha kuma kada ya ruɗe ka, da farashin dalar yau ya yi maka shi. Lokacin da aka saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,400. Iyaye da yawa a tsakiyar karatu suka dawo da 'ya'yansu. Waɗanda suka tura Sudan kuma yaƙi ya tarar da su a Afrilun 2023, an kwaso yara, sai neman takardar sakamakon darussa ya zama wani aikin dabam. Sannan tun da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo a Janairun 2024, duk wanda ya zo da takardar waje kallon tsaf ake yi mata. Mace ce, marainiya, kuɗin gado. Ni dai ban ba ka shawara ba.

Malamin Jami'a

Dakta ta faɗi gaskiya, amma ina so in ɗan ja da yadda za a iya fahimtar maganarta. Kada jama'a su tashi daga nan da cewa duk sabon sashe tarko ne. Jami'ar Benin ta jihar Edo da ta fara wannan karatun a ƙasar nan a farkon shekarun 1970, ita ma da rukunin farko ta fara, digirin shekara huɗu ma ake yi a lokacin kafin a koma shida. Na Bayero da na Ilorin su ma sun yi rukunin farko, wasu iyayen ne suka yi ƙundunbala suka kai 'ya'yansu. Shekara da shekaru makarantun nan a kudu suke, Benin da Uturu da Owerri, shi ya sa in ka shiga asibitocin ido a arewa za ka ga daga ina yawancin masu awon suka fito. In kowa ya ce sai an gama tantancewa zai kai ɗansa, ba za a taɓa samun ɗaliban da za a tantance da su ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓoye wa uba cewa 'yarsa tana cikin waɗanda ake gwaji da su.

Ba ido nake koyarwa ba, amma na zauna a kwamitin shirya wa masu tantancewa a wata makarantar da na taɓa aiki, kuma na ga abin da ido ba ya son gani. Saura mako guda baƙi su zo aka shafe ginin da fenti. Aka tura motar ɗaukar kaya cikin gari ta kwaso na'urori daga asibitocin kuɗi, aka manna musu takarda mai sunan sashe. Aka rubuta sunayen malamai a ƙofofin ofis, wasu daga cikinsu ranar nan na fara ganinsu, ranar Juma'a kuma aka sallame su da kuɗin mota. Su masu zuwan ba yara ba ne, sun san wannan wasan. Za su ce a kawo takardar ɗaukar aiki da ta biyan albashi, su juya na'ura su duba ko an zana sunan makarantar a jikinta, su kira ɗalibi su ce kunna ta ka auna mini wannan. Amma kwana biyu ko uku suke yi su tafi.

Kai kuwa Alhaji kana da abin da ba su da shi, ba wanda zai yi fenti dominka. Ka je ranar aiki ba tare da ka sanar ba. Ka ce a nuna maka shugaban sashe, ka tambaya ko shi kansa mai awon ido ne mai lasisi, ko an ɗauko wani malamin kimiyya ne ya riƙe kujerar. Malamai nawa ne nasu na dindindin, nawa ne masu zuwa daga wata jami'a. Ka ce a buɗe maka ɗakin gwaji ka ga ko akwai akwatin gilasan gwaji, da fitilar duba ido, da na'urar auna hawan jinin ido. Bayan azahar ka tsaya a bakin masallaci ka gaisa da 'yan rukunin farko, su za su faɗa maka abin da ofis ba zai faɗa ba.

Abin da ya fi faruwa kuma ba wai a ce an ƙi makaranta har abada ba ne. Jinkiri ne. Ɗalibai su gama aji shida su zauna jiran a gyara abin da aka ce a gyara kafin a rantsar da su. Ko kuma a ce makaranta ta ɗauki hamsin, ita kuma don kuɗi ta ɗauki ninki uku, sai ranar rantsuwa a fara tambayar su waye na cikin adadin.

A ƙara da cewa jayayya tsakanin NUC da hukumomin sana'o'i kan wanda ke da hurumin tantance kwas ta daɗe, a 2025 ma ma'aikatar ilimi ta ba da umarnin a rage yawan tantancewar da hukumomi dabam-dabam ke yi a jami'o'i. Wani jami'in makaranta zai iya kafa maka hujja da wannan ya ce yanzu NUC ce kawai. Ko ma wa ya zo dubawa, kundin rajista da lasisi suna nan inda dokar 1989 ta ajiye su. Don haka cikin tambayoyin da Dakta ta ba ka, ta ƙarshen ce mai nauyi.

Baffan Marayu, Funtuwa

Allah ya saka muku da alheri, Dakta da Malam da ɗan'uwana na Kwari. Na Indiya kam na ajiye shi.

Na koma ranar Talata kamar yadda Malam ya ce, na tafi da ɗan maƙwabcina ma'aikacin jinya. Takardar cikin firam ɗin lasisin jami'ar ce. Da muka matsa sai aka fito da wata daga fayil, izinin fara kwasa-kwasai ne, kuma sunan karatun idon yana ciki, mun gani da idonmu. Ɗakin gwaji akwai kujeru biyu da allon haruffa, fitilar duba ido tana nan ko ledarta ba a cire ba. Babu marasa lafiya, sun ce suna da yarjejeniya da wani asibiti a cikin gari. Shugaban sashe ba mu same shi ba, kwana biyu yake zuwa a mako daga wata jami'a. Yaran da muka zanta da su sun ce tare da 'yan aikin jinya suke ɗaukar darasi, ba a fara musu na ido ba. Da na ambaci ODORBN sai aka ce an rubuta musu. Na ce a nuna mini kwafin wasiƙar, aka ce magatakarda ya yi tafiya da makullin.

Ni ma na aika tawa wasiƙar jiya. Sai dai makarantar ta ce nan da mako biyu za a rufe biyan kuɗi. Mahaifiyarta kuma tana tsoron in yarinya ta ƙara shekara a gida, dangi za su fara maganar aure, don tuni an fara aiko mini. In 'yarku ce me za ku yi?

Ɗan Zango, Kumasi

Salam Alhaji. Mu ma a Ghana haka tsarin yake. Jami'ar KNUST nan Kumasi da Jami'ar Cape Coast suna yin na shekara shida, amma lasisi yana hannun majalisar ma'aikatan lafiya da doka mai lamba 857 ta 2013 ta kafa. Kuma lasisin nan ba ya aiki a Najeriya kai tsaye, naku ma ba ya aiki a nan, kowace ƙasa da kundinta. Na faɗa ne don kada wani ejan ya zo maka da sunan Ghana gobe.

Mai Duba Ido, Kaduna

Alhaji, tunda ka ce in 'yata ce, ni jira zan yi.

Fitila a leda da rashin marasa lafiya ba su dame ni ba, Malam ma zai faɗa maka aji ɗaya kimiyya ce zalla, ba a kai ga ido ba. Abin da ya tsaya mini shi ne shugaban sashe na kwana biyu, da wasiƙar da makullinta ya yi tafiya. Sashen da ke shirin karɓar masu dubawa, shugabansa a ofis yake kwana yana neman malamai, kuma wasiƙar da aka aika wa hukuma ita ake fara nuna wa uba tun kafin ya tambaya. Wa'adin mako biyun kuma kada ya firgita ka, makarantar da ke turo wa yara saƙo tana neman su ba gurbi ne ya yi mata kaɗan ba.

Shekarar jiran ba zaman banza za ta yi ba. Ta sake zama JAMB, wannan karon ta cike karatun awon ido tun farko maimakon likitanci, darussan ɗaya ne: Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Bayero tana kusa da ku, akwai Ilorin, akwai tsofaffin na kudu, Benin da Uturu da jami'o'i biyu na Owerri, sai dai kowacce ka zaɓa ka nemi matsayinta na wannan shekarar, don amincewa tana da wa'adi. Ga kuma makarantar share fagen shiga jami'a ta ABU a garinku Funtuwa inda ake IJMB, karatun da ake neman gurbin aji biyu na jami'a da shi, ta shiga tana zuwa daga gida, masu maganar aure su ga yarinya tana karatu. In jami'ar gwamnati ta samu, kuɗin ba zai kama ƙafar na makarantar kuɗi ba, kuma rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 na makarantun gwamnati ne, babu masu zaman kansu a ciki.

Ka kuma faɗa wa mahaifiyarta cewa maganar rajistar nan ba a Najeriya ta tsaya ba. Da yawa cikin abokan karatuna suna Saudiyya. Kafin hukumar ma'aikatan lafiya ta can ta ba su damar aiki, sai da aka bi diddigin takardunsu har makarantar da suka gama da hukumar da ta yi musu rajista a gida, sannan suka zauna jarrabawa. Ingila ma majalisar masu awon ido ta can sai ta duba abin da ka karanta da rajistarka ta ƙasarku.

In kuwa amsar wasiƙarka ta zo da kyau kafin a rufe, kuma iyali suka ce sai nan, to kada ka biya shekara gaba ɗaya, ka riƙa biya zango-zango, ka adana kowane rasit, kuma ƙarshen kowace shekara ka karɓi takardar sakamakonta mai hatimi. In ta gama aji biyu ba a ga masu dubawa ba, ba a kuma ƙara malamai na dindindin ba, a nema mata canji tun a nan, don sauya makaranta daga aji huɗu wahala ce babba, sau da yawa sai an mayar da yaro baya.

Ka turo mini saƙo ta akwatin sirri. Litinin da Laraba da safe nake ganin marasa lafiya, a kawo ta tare da mahaifiyarta ta zauna a gefe ta ga aikin kafin a sake sayen fom.